Tsohuwar Olympus BH-2 da na saya gwanjo, da aikin Baba mai gyaran maikuroskof

Wata takwas kenan ina aiki da wannan na'ura kusan kullum, shi yasa naga yanzu kam zan iya faɗin abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, don abokan aiki sun dame ni da tambaya wai sayen tsohuwar maikuroskof riba ce ko kuwa zubar da kuɗi ne kawai. Ni dai ɗan ƙaramin lab gare ni, yawancin aikina gwajin maleriya ne da fitsari da bahaya, sai majina jefi-jefi. Kafin wannan wata sabuwa fil nake amfani da ita wadda ko sunan kamfani na kirki babu a jikinta, amma an rubuta 2000x ɓaro-ɓaro a kwalin, kuma gaskiya wannan lambar ce ta ruɗe ni lokacin. Ashe lambar banza ce. Objektif shi ne gilashin ƙasa mai kallon samfur, to na mai, wato na 100x ɗin da muke ɗiga wa mai, akwai wata lamba a jikinsa 1.25, ita ce ke nuna iya ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa, kuma da irin wannan lambar da zarar ka wuce ninki 1000 zuwa 1250 ba wani sabon abu da zaka gani, hoton ne kawai zai ƙara girma yana dishewa, kamar kana jan hoton waya da yatsu biyu har fuskar mutum ta zama kunu.

Ita BH-2 tun muna makaranta nake sonta. Akwai guda ɗaya a lab ɗin da nayi sanin makamar aiki, ba a barin ɗalibai su taɓa ta sai dai ka leƙa in oga ya saita ya kira ka. Kamfanin Olympus na Japan ne ya fito da ita a 1980, aka yi ta yinta har farkon shekarun 1990 lokacin da sabon samfurinsu BX ta zo ta karɓe ta a 1993, to kunga ko wacce zaka samu a yau ta haura shekara talatin, wasu ma arba'in. Tawa samfurin BHTU ce, mai ramin objektif biyar da suke kallon ciki wajen jikin na'urar, wanda hakan ke ba hannunka sarari in zaka sa silaid, wato gilashin da ake shafa samfur a kai, ko ɗiga mai. Wani ɗan'uwana dake Amurka ne ya sayo min wajen masu sayar da tsofaffin kayan lab, ya haɗa da kayansa a kwantena, na jira wata uku da 'yan kwanaki. Mai sayarwar ya rubuta wai tana aiki lafiya lau. To, Allah dai ya sani ko fitilar kawai ya kunna yaga ta kama yace shikenan.

Ranar da ta iso na buɗe kwali da rawar jiki kamar yaro ranar sallah. Jikinta tsaf, fenti bai ko kwarje ba sosai, nauyi kuwa sai ka sa hannu biyu, ƙarfe ne zalla ba irin robar nan ta yanzu ba. Amma ina kama abin murɗa fokos naji shi gam kamar an yi masa walda, sitejin ma, wato inda ake ɗora silaid, in ka tura shi gefe sai ya tafi da ƙyar yana turjiya. Objektif uku ne kacal a kai, 4x da 10x da 40x, babu na mai, wato babu wanda nake ci da shi. Ina cikin wannan jimamin na fita amsa waya, yaron da ke taya ni aiki ya ga ai taimako ne ya canza mata kan filogi ya jona a bango. Sai ji nayi fat, sai ƙauri. A bayanta an rubuta wutar 110 zuwa 120 irin ta Amurka, mu kuma tamu 230 ce, ni kaina na ga rubutun amma ban faɗa masa ba, don haka ban yi masa faɗa sosai ba, laifin rabi nawa ne. Duk wanda za a kawo wa kaya daga Amurka ko Japan ya fara juya bayanta ya karanta kafin komai, Japan ma 100 ce tasu.

Wautata ta biyu ta fi wannan ciwo don ita da kuɗina na saye ta. Na ga wani yana sayar da objektif 100x, Olympus na gaske ba jabu ba, da araha, nayi wuf na biya. Ya zo na murɗa shi a rami ya shige sumul ba ko gardama, nace alhamdulillahi an gama. Na haska da tocilan waya ta ƙasa don dai in gwada, na sa silaid ɗin jini, na ɗiga mai, nayi ta fama da fokos ɗin nan mai tauri har na samu hoto, amma hoton kamar kana kallon gari a tsakiyar hazo, ƙwayoyin jini na nan amma gefensu ba kaifi, kuma in na dawo 40x sai na sake neman fokos daga farko. Kwana biyu ina goge gilashi ina zaton datti ne.

Wani tsohon abokin aiki ne ya kwatanta min wajen Baba. Dattijo ne da ya shekara da shekaru yana gyaran na'urorin asibiti kafin ya yi ritaya, yanzu yana da ɗan shago a wani lungu a Kano, ba allo ba komai, in ba kai ka aka yi ba zaka wuce ka zaci mai gyaran agogo ne. Na shiga da sallama na gaishe shi na ajiye na'ura, bai ma kalle ta ba tukunna, objektif ɗin nan sabo ya fara kwancewa ya ɗaga shi wajen haske ya sa tabaransa ya miƙo min.

Yace, "Malam, karanta min abin da aka rubuta a nan ƙasa."

Na duba nace, "Baba wata alama ce kamar takwas a kwance, sai 0.17."

Ya kwance na 40x ɗin da ya zo da na'urar yace to wannan fa? Nace wannan 160 ne, sai 0.17. Sai yayi dariya yace, "To ka gani. Kama da wane ba ta wane. Gidansu ɗaya amma ba zamaninsu ɗaya ba."

Anan ne ya zaunar da ni yayi min karatun da ban samu a aji ba, kuma ina ga ko wannan kaɗai ya isa kuɗin motar da na kashe. Shigar objektif cikin rami ba ta nufin komai, saboda tun ƙarni na 19 wata ƙungiyar masana maikuroskof ta Ingila, wadda ake taƙaita sunanta RMS, ta tsayar da ma'aunin tiredi ɗaya, faɗinsa inci 0.8 da haƙori 36 a kowane inci, kuma kusan duk tsofaffin kamfanoni shi suka bi, Jamus da Japan da Rasha da Ingila da Amurka, don haka zaka iya ɗauko objektif na wani ka murɗa a jikin na wani ya zauna daram alhali ba su dace ba ko kaɗan. Lambar 160 ɗin nan tsawon bututu ne a milimita, wato an ƙera objektif ɗin ne ya haɗa hotonsa da kansa a daidai wannan nisan. Ita kuwa takwas a kwance alamar infiniti ce, irin wannan objektif ba ya haɗa hoto shi kaɗai, hasken yake sakewa a miƙe, sai wani gilashi dabam dake cikin kan na'urar ya tattara shi, kuma BH-2 ɗina ba ta da wannan gilashin don ba a zamaninsa aka yi ta ba. Wanda na saya ɗin na BX ne da su CX, wato na'urorin Olympus na yanzu. Shi kuma 0.17 kaurin ɗan siririn gilashin nan ne da muke rufe samfur da shi. Tsofaffin Leitz na Jamus kuma 170 suke rubutawa, su ma nasu daban.

Nace to Baba kenan duk mai 160 in na samu shikenan? Yace a'a, saura biyu. Na farko tsawon objektif ɗin kansa, daga kafaɗarsa inda yake zama a rami zuwa silaid lokacin da hoto ya fito. Na BH-2 milimita 45 ne, ma'aunin Jamus da ake kira DIN, amma tsofaffin Olympus kafin su gajeru ne wajen 36 da ɗoriya, na Rasha LOMO sun fi haka gajarta ma. In ka haɗa gajere da dogo a kai ɗaya, ka saita da gajeren sai ka juyo dogon, to dogon zai daki silaid ya fasa, in ba ka yi sa'a ba har gilashin gabansa ya tsage, yace ya ga irin wannan asarar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na biyu kuma shi ne wanda ban taɓa ji ba sam, wai gilashin ido, wato na saman da kake leƙawa, shi ma abokin aikin objektif ne. A zamanin su BH-2 kamfanoni da dama da gangan suke barin wani ɗan kuskuren launi a objektif sai gilashin ido nasu ya ƙarasa gyarawa, kowane kamfani da gwargwadon nasa, shi yasa Olympus ke da WHK, Zeiss na da Kpl, Leitz na da Periplan, su kuma Nikon da suka fito da tsarinsu na CF sai suka gama gyaran tun a cikin objektif. Duk yawancinsu faɗin bututu ɗaya ne, milimita 23.2, don haka nan ma zasu shiga. Ya ɗauko wani gilashin ido na gama-gari ya sa min a wata na'urarsa yace leƙa gefe, sai naga gefen ƙwayoyin na can baki-baki sun yi wani kwalli shuɗi da rawaya, ya cire ya mayar da WHK sai kwallin ya ɓace. Gani ya kori ji. Sa'ar da nayi nawa biyun WHK 10x/20 ne na asali, mai sayarwa bai musanya su ba.

Aikin gyaran kansa sai da na roƙa ya bar ni na zauna kallo rana ɗaya. Ya shimfiɗa farin kyalle a cikin faranti mai baki saboda ƙananan boris ɗin ciki, yace in ɗaya ta gangara ƙasa a wannan shagon sai dai a lahira. Giris ɗin da aka sa tun masana'anta ya bushe ya koma kamar ƙaro, launin ruwan zuma mai duhu, shi ne ya riƙe fokos da siteji. Ya kwance komai ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a layi yadda ya ciro su, ya jiƙa a cikin ruwan wanke giris, ya bi haƙoran giya da tsinke da tsohon buroshin haƙori, sannan ya sa sabon giris, shi ma ba iri ɗaya ba, mai kauri a wajen babban murɗi don ya riƙa jin nauyi a hannu, mai laushi a wajen boris. Ya gargaɗe ni abu biyu, kar in kuskura in fesa mata man fesawar nan na kwance tsatsa da kowa ke sa wa kwaɗo, don zai bi ya kai ga gilashi, kuma kar in taɓa kama murɗin dama da na hagu in juya su saɓanin juna wai don in sassauta, yace haka mutane ke kashe giyar ciki. Har sukudirebansa daban ce, yace sukurorin Japan masu kan gicciye kama kawai suke da na sauran, nasu ma'aunin JIS ne, in ka sa gama-gari ka danna sai ta cinye kan. Kuma da na duba sai naga sukurori biyu a ƙasan tawa da wani ya riga ya cinye musu kai can a Amurka.

A cikin kan na'urar, inda firizim suke, wato gilasan da ke raba hoto zuwa ido biyu, akwai fumfuna ta fara saƙa kamar yanar gizo-gizo a gefe ɗaya. Ya goge iya inda hannu ke kaiwa da auduga a kan tsinke, a hankali daga tsakiya zuwa waje, kowace auduga shafa ɗaya ya jefar, amma ya ƙi ciro firizim ɗin daga mazauninsu, yace in suka goce ko da kaurin gashi ne idonka na dama da na hagu zasu riƙa ganin hoto biyu, kayi awa ɗaya kana aiki kai ya ɗauki ciwo baka san dalili ba. Objektif na 40x kuwa ashe busasshen mai ne ya daskare a gabansa, kuskuren da duk ɗan lab ya taɓa yi, ka gama da na mai ka juyo 40x ya bi ta cikin man. Ya fita tas. Na 4x ne ya ga fumfuna a ciki can tsakanin gilasai, yace ba zai buɗe ba. Nace Baba a gwada mana ko nawa ne, yace, "Ɗana, zan iya buɗewa, mayarwar ce ba ni da abin aunawa. Kuɗinka zan ci in ba ka abin da ya fi wannan lalacewa. Yi aiki da shi haka, ai neman wuri kawai kake da shi." Ni a wajena wannan maganar ta fi duk gyaran daraja, don na saba da masu gyara da babu abin da basu iya ba.

Na mai kuma a cikin gwangwanayen madararsa aka samo. Yana da gwangwanaye jere a kanta kowanne cike da objektif a naɗe cikin takarda, ya zazzage ɗaya ya ɗauko D Plan 100, 1.25, 160/0.17, mai farin zobe da baƙin zobe, ainihin ɗan gidan BH-2. Ya karɓi nawa na infiniti a matsayin musaya na cika masa 'yan kuɗi, don yace yana da mai CX da ke nema. Ma'anar Plan ɗin nan sai da na fara aiki na gane ta, fili ne shimfiɗaɗɗe daga tsakiya har gefe, a waccan mara sunan da nake amfani da ita a da tsakiya kawai ke fita in kana son ganin gefe sai ka taɓa fokos, to ka lissafa wannan taɓawar sau fili 100 ko fiye a kowane silaid kafin ka ce wa mutum ba ka ga komai ba, sau silaid nawa a wuni lokacin damina.

Bari in ɗan kauce, don shagon nan akwai abin kallo. A saman kanta yana da tsofaffi wajen goma da ya tara, wasu an kawo gyara aka manta da su, wasu ya saya a hannun 'yan gwangwan kafin a auna su a kilo. Akwai baƙar Leitz mai ƙafa kamar kofaton doki, akwai na Ingila irin su Watson da Vickers, akwai Biolam ta LOMO da aka yi a Leningrad, sai Zeiss guda biyu da ya ajiye kusa da juna yace kar sunan ya ruɗe ni, ɗaya ta Jena ce ɗaya ta Oberkochen, don bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya rabu biyu kamar yadda Jamus ta rabu, na gabas da na yamma, kowa ya ci gaba da ƙera nasa, kayan wannan ba lallai su hau na wancan ba. Shi asalin Carl Zeiss ɗin a Jena ya buɗe shagonsa a 1846. Yawancin waɗannan tsofaffin madubi gare su a ƙasa maimakon fitila, ka juya shi ya kamo hasken taga, ba ruwanka da NEPA. Na leƙa Biolam ɗin da hasken rana kawai naga kaifin da ya bani mamaki, kafin in fita sai da na yi cinikinta, matata tace wato wanda ya je gyaran ɗaya ya dawo da biyu, haka ciwon yake farawa. Tana nan a gida yara na kallon fatar albasa da ruwan kududdufi da ita.

To yanzu aikin ita BH-2. Wuta dai ta riga ta ƙone, asalinta kwan halojin ne 6V 20W, Baba yace maimakon a yi ta neman kayan wutar da suka ƙone a mayar da ita LED mai aiki da pawa bank, na yarda, kuma a yanayinmu wannan shi ne daidai don ko an ɗauke wuta ko an kashe janareta aiki na tafiya, kuma ba zafi. Amma launin ya canza, halojin ja-ja yake shi yasa ake sa masa shuɗin filta, shi kuwa LED ɗin fari ne mai ɗan shuɗi, sai da na cire filtar kuma na yi kamar sati idona na sabawa kafin in daina shakkar launin Giemsa, fentin da muke rina jini da shi. Yanzu kam ɗigon jan nan na ƙwayar maleriya da zoben shuɗin suna fita rangaɗau, ko a shafin jini mai kauri inda datti ke yawa ina bambance shi da ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira platelet ko gurbin fenti ba tare da na yi ta murɗe-murɗe ba, ranar da na fara cin karo da gametosait, wani mataki na ƙwayar maleriya nau'in falciparum, mai siffar ayaba a cikinta sai da na kira yaron lab nace zo ka ga abin da kake gani a littafi. Fokos ɗin kuwa in ka ajiye shi nan yake zama, ba ya zamewa ƙasa da kansa kamar na waccan. Wani abin da waccan ba ta da shi shi ne ƙofar haske ta ƙasa da kwandensa mai saituwa, wato gilashin da ke tattara haske a ƙarƙashin siteji, Baba ya koya min saitin Köhler, wani Bajamushe ne August Köhler ya fito da shi tun 1893, ka tsuke ƙofar ƙasa, ka ɗaga ko sauke kwandensa har gefen ƙofar ya yi kaifi, ka kawo shi tsakiya da sukurori biyun nan, ka buɗe har ya ɓace daga fili, sannan ƙofar kwandensa ka barta wajen kashi 70 zuwa 80. Minti ɗaya ne, amma shekaru nayi ina sauke kwandensa ƙasa in haske yayi yawa ban san kaifi nake zubarwa ba.

Inda Baba ya gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Sati ɗaya yace min, sai da ta yi sati uku da kwana biyu, kuma wayarsa in ka kira sau biyar zai ɗauka sau ɗaya, sau biyu ina zuwa Kano in tarar da shago a kulle wai ya tafi ɗaurin aure. Ba rasit ba rubutu, komai a ka yake riƙewa, ni kuma da na bar masa kaya masu tsada haka hankalina bai kwanta ba duk da dai babu abin da ya ɓata sai robar ido guda ɗaya da ya rantse bai ganta ba ni kuma na tabbata da ita na kawo. Shagon ma ga ƙura, ga ƙofa a buɗe, mutum na goge firizim babur na wucewa, da na dawo gida na tarar da 'yan ɗigo biyu a cikin kan da babu su da, basa hana aiki amma ni ina ganinsu. Aikin LED ɗin kuma shi ne mafi rauni, in ka rage hasken ƙasa sosai yana ɗan kyaftawa, kuma wayar da ya fito da ita ta baya da salatif ya naɗe ta, ga dukkan alamu hannunsa a ƙarfe da gilashi yake ba a lantarki ba, sai da na kai wa wani mai gyaran rediyo ya sake min haɗin ya sa soket na kirki. Kuɗin aikinsa da cikon objektif da LED gaba ɗaya sun kusa rabin abin da na sayi na'urar, ban ce yayi tsada ba in aka dubi aikin, amma duk mai lissafin sayen gwanjo ya sa wannan a ciki tun farko kar ya zo yana salati. In maki ne, ƙarfe da gilashi tara cikin goma, lantarki biyar, cika alkawarin lokaci kuwa uku ma don girmansa ne.

Ita kanta na'urar ba kowa zan ce ya saya ba. An daina yinta tuntuni, sashen maikuroskof na Olympus ma tun 2022 ya koma wani kamfani mai suna Evident, don haka kayan gyaranta sai dai daga jikin wata tsohuwar, in ba ka da irin Baba a kusa kuma baka da haƙurin jira, kuma ita kaɗai ce zaka dogara da ita a lab, gara ka tara kuɗi ka sayi sabuwa ta kamfani sananne. Amma in kana da wadda zata riƙe ka kafin a gama gyara, ni dai tsakanin wannan da sabuwa mara suna a kuɗi ɗaya ko tunani ba zan yi ba. Kawai ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton rubutun jikin kowane objektif da na gilashin ido da farantin wutar baya, ya haska tocila ta cikin gilasan ya ɗauka, kuma ya yi maka bidiyo yana murɗa fokos da yatsu biyu, in yace ba shi da lokaci ka bar masa kayansa.

Fumfuna da damina, ƙura da hunturu, su ne abokan gabar da suka rage min. Da damina ina kwance objektif ɗin da gilasan ido in sa su a roba mai murfi da silika jel in na tashi aiki, yanzu da iskar hunturu ta fara kuma matata ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa don Baba yace kar in rufe ta da leda tana tara gumi. Robar idon nan dai har yau gefe ɗaya ce, Baba yace in leƙo bayan sallah zai duba cikin gwangwanaye.